Likitan Cikin Jirgi

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Ɗanmusa mai shagon caji ya samo sabon shiri mai fassara. Duniya ta lalace, mutane sun koma zama cikin jirgi a sararin samaniya, suna noma cikin gilashi, maharan wata tauraruwa kuma ba sa bari a yi girbi sai an ba su kasonsu. Ɗanmusa ya ce, "Wanga marubuci ya taɓa zama Gobir, wallahi." Da la'asar muke kallo, yanzu wa ke kai magariba a waje?

Alhamis, 11 ga Yuli
Kalilu ya zo. Tare muka yi karatun allo a zauren mahaifina, shi daga rugarsu ta wajen Burkusuma, har 'yan bindiga suka kwashe musu shanu ya dawo Sabon Birni da iyalinsa. Shirin ya ba ni haushi yau. Duk maharan an zaɓo su dogaye, farare, sirara, mai fassarar kuma ya sa musu Hausar Fulani. Ba haka Turawan suka yi ba, shi ne ya ga dama. Aka yi ta dariya. Kalilu ma ya yi, amma iya baki.

Asabar, 13 ga Yuli
An tare hanyar Isa. Ba mu yi kallo ba.

Talata, 16 ga Yuli
Gardama har da tashi tsaye. Akwai likita a jirgin, jinin maharan ne, amma tun yana yaro yake cikin mutanen. Ɗanmusa ya rantse infoma ne: "In ba haka ba, mi as sa sunka bar shi da rai?" Na ce marubucin kirki ba zai yi wannan arahar ba, kuma ɗan wasan ya fi kowa iyawa, ko shiru ya yi sai ka ji tausayinsa. Aka ce ina yi wa ɓarayi kamfe. A hanya Kalilu ya ce mini, "Usmanu, ka bar kare shi, ni ka ka jawo ma ido."

Juma'a, 19 ga Yuli
Mutanen jirgin sun jefar da likitan waje. Shago ya ɗauki tafi. Sai ƙarshe aka nuna ba shi da laifi, 'yan kallo suka ce marubucin ya ɓata shirin, siyasa ce kawai. Kalilu bai zo ba. Yanzu Likita ake ce masa a kasuwa.

Laraba, 24 ga Yuli
An sace mutane a gona wajen Unguwar Lalle, har da ƙanin Hajo matata. Kuka take tun safe. Ta tambaye ni yadda Kalilu ke zuwa Burkusuma ya dawo lafiya. Na daka mata tsawa. Amma na wuni ina juya tambayar, na tsani kaina.

Lahadi, 28 ga Yuli
'Yan sa-kai sun kama Kalilu a tasha. Ya ce a kira ni, ɗan malamai ne ni, za a ji maganata. Na je. Yana zaune a ƙasa ba hula, da ya gan ni sai fuskarsa ta saki. Shugabansu ya ce, "Malam, ka san shi? Za ka tsaya mai?"

Ban yi ƙarya ba, Allah ne shaida. Ban ce ya yi komai ba.

Na ce muna dai kallo tare.