Ƙarshen Labarin da Kika Ɓoye Mini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayata Hadiza, wadda ke kwance a maƙabartar Birnin Kudu. Bayan gaisuwar ƙanwa ga yayarta, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji.

Yaya, kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora miya in manta gishiri, in je ofis in dawo ban san me na rubuta ba. Kuma ke kika jawo.

Kin tuna littafin Turancin nan da aka ba ki kyauta a makaranta, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa aka dawo da Baba aiki daga Kano? Labarin yaya da ƙanwarta, da kwale-kwale ya kai su tsibirin da itatuwa ke tafiya da ƙafa. Kaina a cinyarki kina mini kitso, littafin a kan tabarma kin danne shi da gwangwanin mai, kina karantawa kina juya mini da Hausa.

Saura babi biyu Inna ta yage ƙarshen. Kin san ta, takarda mai rubutun Arabiyya ko a ƙasa ta gani sai ta ɗauke ta adana, amma ta boko ai ta ƙunshin daddawa ce. Na yi ta birgima ina kuka. Kika ce, "Share hawayenki, na riga na karanta, yana kaina."

Sai kika ba ni ƙarshen da ka: su biyun suka dawo gida tare, uwarsu ta yanka kaji, aka tuƙa tuwon shinkafa, aka yi miyar taushe. Tun nan ya kamata in gane. Ina Turawa ina miyar taushe?

Yanzu a Gwaram nake aiki. Wata abokiyar aikina ta kawo mini littafin cikakke daga Kano, na fara karanta wa takwararki Dije, 'yata mai shekara tara. Shekaranjiya waccan na yi satar leƙa ƙarshen.

Yaya, mutum ɗaya kwale-kwalen ke ɗauka a komawa. Yayar ce ta saka ƙanwarta, ta tura shi cikin ruwa, ita ta tsaya a tsibirin. Ba su sake haɗuwa ba.

Kin sani. Lokacin ma sikila ta fara cin ƙarfinki, idanunki sun yi rawaya, kina hutawa tsakanin layin kitso da layi. Kafin damina ta ƙare kika tafi. Ni kuwa wata guda ina zama a bakin zaure, don a iya sanina yayye suna dawowa.

Na ji haushinki, wallahi. Na kuma yi kewarki fiye da ranar da aka fita da ke.

Dije tana ta bina, ita sai an ƙarasa mata. Jiya na ce gobe, yau ma na ce gobe. In na ba ta naki, za ta yi dariya ta tafi wasa. In na ba ta na littafin, za ta yi kuka.

Gobe in Allah Ya kai mu zan karanta mata na gaskiyar. Ki yafe mini. Gara ta fara sanin rabuwa ina kusa in rarrashe ta, domin ni da ta zo mini, mai rarrashin ce ta tafi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna inda ba a barin kowa a baya.

Ƙanwarki mai rigima,
Binta