Kwalbar da Ta Cinye Idon Mahaifiyata

Zuwa ga Shugaban masu maganin gargajiya na unguwarmu,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da jama'arka. Sunana Habibu, walda nake yi a Rafin Guza. Ba raina sassaƙe da saiwa ne ya sa na rubuto ba, da su aka raine ni.

Na farko. Da damina apolo ya shiga gidanmu, ya kama mahaifiyata a idon hagu. Akwai wani daga cikin mutanenka da ke kafa lasifika bakin kasuwa, yana sayar da wani koren ruwa a tsofaffin kwalaben magani. Ni na sayo, ni na riƙe kanta na ɗiga mata. Ta yi ƙarar da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Na biyu. Da na koma masa, sai ya ce zafin shi ne aikin, maganin da bai yi raɗaɗi ba ai ruwa ne kawai, in ƙara mata safe da yamma. Wallahi na yarda. Ni da nake ƙona ido da wutar walda, ban gane idon da ke ƙonewa a gabana ba! Kwana shida muna yi, baƙin idon ya koma fari. A asibiti likita ya ce idon ya riga ya tafi.

Na uku, maganar hujja. Na tambayi mutumin me ke cikin kwalbar, ya ce sirrin gado ne. Hujjarsa kaf ita ce mutane sun saya sun warke. Likita kuwa ya ce yawancin apolo da kansa yake tafiya, a sa magani ko kar a sa. Ashe waɗanda yake alfahari da su dama za su warke. Waɗanda ba su warke ba fa? Suna ɗaki a zaune, babu mai miƙa musu lasifika.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka tsayar da shi. A kai ruwan nan a gwada, a gaya mana abin da ke ciki. Ka kuma hana mutanenka ɗiga wa kowa abu a ido kafin a gwada shi.

Ina roƙon a hanzarta, don tsoro nake ji. Idon dama na mahaifiyata ya fara ja. Ita har yau gani take gaggawar zuwa asibiti ce ta ɓata aikin maganin. Shekaranjiya na tarar da sabuwar kwalba a ƙarƙashin filonta, ashe ta aiki maƙwabciya ta sayo mata. Na zubar. Amma wuni nake a wurin aiki, shi kuma yana nan bakin kasuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka ganinka, ya ba ka ikon yin abin da ya dace tun tana ganinmu.

Wassalam,
Habibu mai walda, Rafin Guza, Kaduna.