Hannun Umaima Bai Kai Kunne Ba

Litinin, 15 ga Satumba, 1997

Wayyo Yaya Balaraba, Maiyama inda kike ta yi mini nisa yau! Da kina nan da kin ga abin da anka yi wa autata. Na kai Umaima firamaren garinmu, na yi mata kitso, na sa mata kwalli. Hedimasta Malam Barau yac ce ta ɗora hannu bisa kai ta taɓo kunnen wancan gehe. Yarinya ta miƙa, ta miƙa, har da ɗage ƙahwa. Saura yatsa biyu. Yac ce, “Hakuri za ki yi, sai baɗi.” Ɗiyar da ta iya ƙirga har hamsin! Nac ce, “Malam, da kunne aka karatu ko da kai?” Dariya kawai yay yi.

Juma'a, 19 ga Satumba

Mun tahi Jega suna. Zinatu, matar wan maigida, ta sa Khalil nata ya miƙe ya yi waƙar Turanci gaban mutane, da safa da ɗan kwandon abinci. Wai nazare ta kuɗi. Tac ce mini, “Can ba a auna kunne, aljihu aka aunawa. Gwamnati ba ta reno, ƙanwata.” Mata sunka yi shewa. Ban ci tuwon ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Maigida ya ce in ba makaranta sai Umaima ta bi mu fadama dashen albasa. Na san wanga zance. Ni ma haka anka ce shekara guda, daga aji huɗu ban koma ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Na zaga gida-gida. Duk mai ɗan da hannunai bai kai ba. Mun kai mu tara. Gudiya, matar Ɗahiru mai shanu, ta zo daga ruga da tagwayenta, tac ce ko don ta huta da su.

Litinin, 29 ga Satumba

Mun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiyar makaranta, daidai tagar ofis. Ba mu yi faɗa da kowa ba. Na ja wa yara a, ba, ca, suna amsawa da iyakar ƙarhi. Malam Barau ya leƙo: “Maman Umaima, mi na na haka?” Nac ce, “Ba mu shiga aji ba, Malam. Inuwa ta Allah ta.”

Alhamis, 2 ga Oktoba

Yara ashirin da ukku. Muryata ta dishe.

Talata, 7 ga Oktoba

Wani babba daga ofishin ilimi na Aliero ya zo duba makaranta bisa babur. Tun bai kashe ba tagwayen Gudiya sunka kewaye shi. Yat tambayi hedimasta wane aji na wanga. Malam Barau ya share zuhwa, yac ce, “Rabin aji na, ranka ya daɗe.” Da bakinai! Mutumin ya sa Umaima ta yi ƙirga, ba ta tsaya ba sai da yac ce ya isa haka. Ya ce a buɗe musu ɗakin da aka aje karyayyun bencina.

Na yi guɗa har zanena ya kusa kwancewa.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mun share, mun yaɓe. Kyauta na, ba a biyan ko sisi, kowa ya kawo nashi. Babu malami, an ce in riƙe su kahin a turo. Na ce sati guda, ina da aikina. Na aika wa Zinatu da direban Jega, a gaya mata gwamnati ta hwara reno.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

An yi dashe ba mu. Umaima na rubuta sunanta, U ɗin dai na kallon ƙasa.

An ce malamar gwamnati na zuwa wata mai kamawa. To ta zo, ni mi ya dame ni, in huta. Jiya a kasuwa wata tac ce mini “Malama,” ban waiwaya da wuri ba kar a ce. Na dai tambayi Malam Barau, ba don komi ba, ko aji guda na iya ɗaukar mutum biyu, tunda yaran arba'in da ɗaya na kuma ba ta san mai kuka in anka…

Ana buga ƙyaure, bari in duba.