Kukan Injin Matsi na Uku

Tucumán, 6 ga Yuli

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jiki, yaya gwiwar nan, yaya sanyin Salta? Ina fata 'yar'uwata Zulema tana tsare ka ka sha magani, ba ta barin ka kana zuba shi a tukunyar fure kamar bara. Ka gaishe ta da maigidanta. Na haƙura da kiran ka a waya. Shekara arba'in da ka yi a gindin injin rake sun cinye maka kunne, sai in yi ta ihu maƙwabta suna jin sirrina kai ba ka ji ba.

Ka tambayi labarin masana'anta. Kakar rake ta kankama, tun watan Mayu injuna ba su huta ba, tokar gonaki tana sauka a kan shanyata, ni kuma raina a ɓace yake tun safe har yamma.

A zamaninka in ƙarfe ya yi ciwo sai ka ɗauki sifana ka tafi. Yanzu sai makaniki ya rubuta takardar aiki ya jefa a akwatin ƙofar ofishina, ni in karanta in ba ta launi, sannan in shigar a kwamfuta. Ja, a bar komai a je yanzu, ko da za a tsayar da injin. Rawaya, abu ya lalace amma zai kai mako. Kore shi ne gyaran riga-kafi, giris da canjin mai, wanda lokacinsa ke zuwa da kansa. Fari na abin da na'urar awo ta hango ne. Shuɗi kuwa ƙarin kyau ne, a jira sai an kashe wuta a Disamba. Shuɗi maƙabarta ce, Baba. Babu mai sake leƙa ta sai rake ya ƙare.

An kawo mana sabon shugaban gyara daga Córdoba, Injiniya Lencina, shekararsa talatin da ɗaya. Ya zo da littafin dokoki mai shafi ɗari biyu. Na karanta shi a kwana biyu, kuma na rantse na fi shi saninsa. Yana son takwas cikin kowace takarda goma su zama kore ko fari, domin shi ne abin da manya ke dubawa in sun zo daga hedikwata. Ja kuma kada ta wuce biyar a mako. Na ce masa, "Injiniya, an sanar da injunan kuwa? Kada su yi kuskuren lalacewa sau shida." Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Doña Herminia, in aka sa iyaka mutane za su riƙa tunani kafin su rubuta ja." Duk Litinin sai ya kafa zanen launukana a bango, kowa na kallo, kamar an kama ni da satar amsa.

Amininka Kawu Cipriano yana nan yadda ka bar shi, da sukurdirebansa, bakin a jikin ƙarfe, mariƙin a kunnensa. Shi komai ja ne. Famfo ya ɗiga, ja. Ƙwan fitila ya mutu, ja. Jiya ya leƙo ta taga ya ce, "Ke 'yar Nicanor, na uku yana kuka." Na ce, "To Kawu, ka goya shi mana." Ya ce, "Bakin nan naki shi ya hana ki zama malamar makaranta." Ya shanye min shayina na mate ya tafi. Mai na'urar awo ya zo a watan Yuni, ya ce injin matsi na uku lafiyarsa ƙalau.

Ka rufe ƙirjinka da safe.

'Yarka,
Herminia


Tucumán, 19 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya kai da su Zulema.

Na uku ya fashe. Ranar Laraba da misalin ƙarfe goma na safe boris ɗin akwatin giya ya cije, haƙoran giya suka kakkarye, wani guntun ƙarfe ya huda rufin kwano ya faɗa bayan ɗakin awo. Allah ya kiyaye, bai sami kowa ba. Kwana huɗu masana'anta a tsaye. Motocin rake sun yi layi har gada, kuma ka fi ni sanin abin da yankakken rake ke zama in ya kwana uku a mota. Warin tsami ya cika gari. Ƙananan manoma sun tsaya a bakin ƙofa suna zagin duk wanda ya fito, har mai shara.

Ba a gama kwashe ƙarafan ba aka shiga neman wanda za a rataya wa. Lencina ya buɗe kwamfuta ya nemi takardun na uku. Ya duba ja, babu. Ya duba rawaya, babu. Fari, babu. Sai ya rufe ya ce makanikin da ke kula da injin bai taɓa kawo ƙorafi ba. An dakatar da Kawu Cipriano. Ranar talatin ga wata za a zauna a kansa, kuma kowa ya san takardar kora an riga an buga ta, da kalmar sakaci a jiki. Shekara arba'in da ɗaya, Baba. Wata goma sha ɗaya ya rage masa ya yi ritaya. In aka kore shi haka, gidan da yake ciki a unguwar ma'aikata ma sai ya fita, shi da matarsa Doña Ramona da ƙafarta mai kumburi.

Wakilin ƙungiyar ma'aikata, Barrionuevo, ya tsare shi a gabana ya ce, "Don Cipriano, ka rubuta ko ba ka rubuta ba? Ka ba ni abin da zan riƙe!" Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "In kwamfuta ta ce ban rubuta ba, ai ban rubuta ba. Ta fi ni karatu." Bai kalle ni ba. Mutumin da ba ya wuce tagata bai tsokane ni ba, ranar ko kallo.

Wane irin tsari ne wannan da yaro mai sabon takalmi zai zo ya auna mutum da zane a bango? Na karanta labarai da yawa na alƙalan da ke yanke hukunci kafin a shigo da mai laifi, ina ganin marubutan sun cika gishiri. Ashe ragewa suka yi.

Na kasa zama. Na wanke labule sau biyu a mako ɗaya. Littafin da na aro a laburare kwana biyar ina shafi ɗaya. Jiya na fita sayen burodi, sai na tsinci kaina a bakin gada ba burodi ba jaka.

Akwai maganar da zan faɗa maka, amma ba yau ba.

Taka,
Herminia


Tucumán, 23 ga Yuli

Mahaifina,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina fata jiki da sauƙi. Wannan kai kaɗai za ka karanta, kada ka miƙa wa Zulema.

Kawu ya rubuta, Baba. Sau uku ya rubuta: sha ɗaya ga Yuni, ashirin da huɗu ga Yuni, da biyar ga Yuli, ranar da na ce masa ya goya injin. Takardun suna cikin aljihun teburina na ƙasa. Duka ukun ya rubuta JA a sama da manyan baƙaƙe, duka ukun na soke na mayar shuɗi. Lencina bai gan su ba saboda bai duba shuɗi ba. Babu mai dubawa, kuma na san haka lokacin da nake sokewa.

Kwana goma ina shirya hujjojina, bari in zube maka su ka ga ƙanƙantarsu. Littafin dokoki ya ce ja sai injin ya tsaya ko an ga hatsari da ido. Rawaya sai an ga ɓarnar. Fari sai da lambar da na'ura ta bayar. Abin da kunne ya ji ba shi da gurbi a shafi ɗari biyu. Wannan gaskiya ne. Amma shafi na sittin da ɗaya ya ba ni ikon ɗaga kowace takarda zuwa ja in na ga dalili, kuma na san shafin. Ban ɗaga ba saboda duk makonnin ukun biyar ɗina ta riga ta cika, ga shi na gaji da tsayawa gaban bango ranar Litinin. Na kuma saba rage wa Kawu launi har hannuna yana yi ba tare da kaina ba. A ƙasan ta ukun ya ƙara layi ɗaya: Herminia, wannan da gaske nake. Na karanta. Dariya na yi.

Duk zagin da na yi wa Lencina a takardata ta baya ban janye ko ɗaya ba. Sai dai rabin zagin da kaina nake, na ari sunansa.

Ranar Lahadi na je gidan su Kawu. Doña Ramona ta cika min faranti da empanada, fanken nan mai nama a ciki, tana ta sa min albarka wai ban guje su ba. Na ci biyu, ban san yadda suka wuce ba. Shi yana bayan gida yana sassabe bishiyar lemon tsami. Kafin in buɗe baki ya ce, "Na sani. Rufe bakinki." Na ce, "Kawu, korar ka za su yi." Ya ce, "Ni na ci nawa. Ke sauranki shekara goma sha biyu, ba miji, ba gona. Wa zai ɗauki mace mai shekara arba'in da takwas da baki irin naki? Ki ƙona su ki yi shiru. Da me zan kalli Nicanor in aka kori 'yarsa a kaina?" Ya ci gaba da sassabe.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Tun ranar nake zagaye teburin nan. In buɗe aljihun, in rufe. Ashana tana jakata, ba zan ɓoye maka ba. Kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne lissafinsa daidai ne, babu wanda zai ɗauke ni.

Ba shawara nake nema ba. So nake wani ya sani kafin ranar talatin, kuma ya zama wanda nake jin kunya.

'Yarka,
Herminia


Tucumán, 2 ga Agusta

Baba abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Amsarka ba ta zo ba. Zulema ta ce ka karanta wata takarda sau biyu, ka ninke ka sa a aljihu, ka ƙi cin abincin rana. Ka ci abinci, don Allah.

An yi zaman. Ni aka kira in rubuta abin da aka tattauna, ka ji ikon Allah. Akwai manaja daga hedikwata, da Lencina, da Barrionuevo, da Kawu cikin kwat ɗin da yake sawa zuwa jana'iza. Na rubuta shafi ɗaya da rabi da kyakkyawan rubutu. Da manajan ya jawo takardar korar ya cire murfin biro, sai na ga na miƙe. Ban shirya jawabi ba, ni da ba na rasa magana. Na ajiye takardun uku a gabansa, na jera su bisa kwanan wata.

Ya karanta, ya miƙa wa Lencina. Lencina ya ce, "Waye ya mayar da su shuɗi?" Na ce, "Ga sa hannuna nan, Injiniya, ai ka iya karatu." Ya ce, "Me ya sa?" Na ce, "Ja biyar ka ba ni a mako, ta ƙare. Amma ba kai ka riƙe min biro ba." Kawu ya buga tebur ya ce, "Ƙarya take yi, ni ban..." Barrionuevo ya danne masa hannu ya ce, "Tsoho, yi shiru, yau dai a bar wani ya yi magana."

Sai yaron nan Lencina ya ba ni haushi fiye da kullum. Fuskarsa ta yi fari fat, ya ce wa manaja dokar biyar tasa ce, kuma shi ne bai duba shuɗi ba, a rubuta haka. Ni na rubuta da hannuna. Na yi wata uku ina gina ƙiyayyarsa, ya zo ya ɓata min ita a minti ɗaya.

Ga hukunci. An yage takardar korar. Ni an dakatar da ni mako biyu, daga nan a mayar da ni sikelin motoci a bakin ƙofa, inda zan riƙa shaƙar hayaƙi ina jin ashar ɗin direbobi. Teburin da na yi shekara sha tara a kansa an ba wata. Dokar biyar an ce za a sake dubawa, ka san ma'anar wannan. Har yau kunne ba shi da gurbi a littafin, kuma zan yi ta rubuta musu a kan haka daga bakin ƙofa har su gaji da ni.

A waje Kawu ya tare ni, idonsa jawur. Ya ce, "Wa ya aike ki? Na rufa miki asiri kin yaye da hannunki." Na ce, "Kawu, ba don kai na yi ba, na gaji da wanke labule ne." Ya ce, "Taurin kai dai irin na ubanki." Ya juya ya tafi yana share hanci da hannun kwat.

Ban san ko na yi nadama ba. Wani lokaci in tuna shekara goma sha biyu a sikeli sai in ce na yi. Amma jiya Litinin da safe na tsaya a ƙofar gidana, ba inda za ni, na ga Kawu ya wuce a kan kekensa da kayan aiki, ya nufi masana'anta a makare kamar kullum.

Ranar Asabar zan hau motar safe in zo Salta. In faɗa za ka yi min, ka tanade shi, na fi son in ji daga bakinka. Ka gaishe da Zulema, ka ce ta gyara min gadon baƙi.

'Yarka mai ƙaunarka,
Herminia Albornoz