Ramar Yaya Sabi'u

Daren Laraba, watan Yuli

Barci ya ƙi zuwa saboda haushin Yaya Sabi'u. Ramar da na shuka a bokitai duk ta yi rawaya, tasa kuwa a kangon bayan gida kore shar.

Ɗazu da la'asar Inna ta sa shi ya duba mini. Ya juya ganye ya ce, "Hadiza, kin ga na ƙasa ne suka fara rawaya? Yunwa take ji. Waccan mai ƙonannen baki kuma takin zamani ne ya yi mata yawa."

Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ke kuma ki koya a wurinsa."

Na haɗiye maganata. Na san inda ya koyi sanin ganye. Akwai wiwi a tsakiyar ramar tasa, ganyensu kusan iri ɗaya, na murza na sansana. Ni da nake ta ɗawainiya da shuka a gidan nan ba a taɓa sa mini albarka ba.

Inna ta ce gobe in tsinko mata tasa a yi kwaɗo. Har yanzu ban yanke wacce zan tsinko ba, ramar ko wiwin.