Za a Yi Mini Aiki ta Hanci, Yayana Ya Ce Atafau

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Ni kafinta ne, shekarata arba'in da huɗu. Shekara uku ke nan gajiya ta hana ni sakat. Kujera ɗaya zan haɗa, sai in ji kamar buhu goma na sauke. Uwargidana har tsokanata take, wai tsufa ya yi mini sammako. Takalmina ya matse ni, zobena ya ƙi fita sai da aka yanka. Da aka ɗauki hoton kaina, likita ta ce ƙari ne a wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai sarrafa sinadaran jiki, shi ke kawo gajiyar, yana kuma sa hannuwana da ƙafafuna girma. Ta ce ba ciwon daji ba ne, kuma ta hanci za a ciro shi. Ni kam hankalina ya kwanta, na amince. Amma Yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar Babanmu, ya ce atafau ba za a taɓa mini kai ba. Ban taɓa tsallake maganarsa ba. Ga shi jiya gyangyaɗi ya kwashe ni alhali injin yankan katako yana kunne. Yaya zan yi?

Kafinta mai ƙaton takalmi

Ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Fara da injin nan: kada ka sake kunna shi sai likita ta yarda. Yi aikinka mai nauyi da safe, ka huta kafin gajiya ta kayar da kai. Ka gaya wa likita batun gyangyaɗin, a duba barcinka da jininka.

Yayanka kuwa tsoro ne ya kama shi, ka yi masa uzuri. Kada ka ja da shi a gida. Ka tafi da shi asibiti, ya yi tambayoyinsa da bakinsa: haɗarin aikin, ko allura ko ƙwayoyi za su wadatar, da abin da zai faru in an bar ƙarin yana girma. Ko bayan aikin, ƙarfi a hankali yake dawowa, wani ma sai da magani. In ciwon kai mai tsanani ya taso, ko ganinka ya ragu, garzaya asibiti nan take.

In ya ji komai bai sauko ba, ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ka je a yi maka aikin. Jikin naka ne, kuma hukuncinka daidai ne. Allah ya sa a yi a sa'a.

Goggonku