Ɗigon Kore a Motar Kadiri

Juma'a, 15 ga Oktoba, 1982

Na ɗauko bokiti in wanke motar mijina Kadiri kamar kowace Juma'a, sai na ji soso shina kamawa. Na shafa da hannu, kaushi kamar haɓar da ta kwana biyu ba aski. Na koma ɗaki na sa tabarau. Ɗigo-ɗigo ne kore, ƙanana ƙwarai, ko ƙwayar gero ba su kai ba, sun rufe rufin da gilashi da murfin inji. Da farko na ce kashin ƙwari ne. To wane ƙwaro ke kashi kore shar haka?

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ganyen dogon-yaro guda ya faɗo kan murfin, na ɗaga shi, ƙarƙashinshi fari tas, siffar ganyen ta fito har da ƴan haƙoranta. Ke nan daga sama abin ya sauko a hankali, ba watsawa anka yi ba. Na tsaya kallo har na makara zuwa matarniti, asibitin haihuwar da nike aiki, ga wata mai naƙuda daga Madekali tana jirana.

Asabar, 16

Sabulu bai taɓa shi ba. Farce na cirewa ɗaya-ɗaya, na cire kamar ashirin farcen ya karye.

Farar kazata ma da nata ɗigon a baya. Zanen da na shanya ran Alhamis, shi ma. Na riƙa bin abin a tsakar gida kamar mai bin sawun akuya: wajen rijiya kaɗan ne, wajen bangon maƙwabcina Sodangi ya fi kauri. Na jawo turmi na hau na leƙa. Ga gwangwanin fenti nan a ƙofar gidanshi. Ashe! Delege, wato mai unguwarmu, ya ce duk gidan da ke bakin babbar hanya a shafe shi kore kafin bikin gwamnati na 26 ga wata. Ni tun makon jiya na sa anka yi mini da buroshi. Shi ko da mi ya yi nashi, har fenti ya yi fiffike ya tsallaka bango?

Sai da na sauko daga turmin raina ya ɓaci. Shekara huɗu da wata biyu motar nan ba ta gusa ba ko da taki ɗaya. Safiyar da masu kaki sunka zo, Kadiri ya shigo da ita da gaggawa, ya aje ta a karkace manne da bango, ya miƙo mini makulli ya ce, "Ki bar ta yadda take, yanzu zan dawo." Sunka tahi da shi, sun ce tambayoyi ne kaɗan a kudu. Na rubuta takardu har na gaji, ba amsa. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce zazzaɓi ya ɗauke shi tun shekarar farko. Ni dai abin da ya ce in yi shi nike yi. Ƙannenshi sun yi maganar a saida ta sau uku, na ce su bar mini gida.

Gobe Sodangi zai ji ni.

Lahadi, 17

Na tahi da faɗa cike da baki, na dawo ina dariya ni kaɗai a hanya. Allah shi shirye ni.

Sodangi manomin auduga ne, gonarshi can Gene. Da na tambaye shi da mi ya shafa bango, sai ya shiga ɗaki da murna ya fito da wata doguwar sanda. Famfon feshin maganin auduga ne, sabon yayi. Pil takwas, wato batir irin na rediyo, a cikin sandar, kwalba a sama, a ƙarshe ɗan faifai da bai fi murfin kofi ba. Ya kunna, faifan ya kama juyi shina kuka siriri. Ya ce ya tsinka fenti da kananzir ya zuba a kwalbar, don buroshi aikin kwana biyu ne shi kuma kaka ta matso.

Na ce to Malam Sodangi, ba ka ga ana iska ba ran nan? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Madam, ai abin nan ba ya aiki sai da iska. Kwana uku ina zaune ina jiran ta."

Haka malamin gona ya koya musu. Ba a nufin shuka da shi kai tsaye. Kana ɗaga shi sama da kanka, ka watsa ɗan toka ka ga inda iska ta nufa, ka yi tahiya a gicce, ita ce za ta kwashi maganin ta kai shi layi huɗu ko biyar gaba. Shi ko ya bi darasin nan tsaf, har tokar ya watsa. Na je na duba bangon nashi. Wallahi motata ta fi shi samun fenti.

Na ce ya zo ya gani. Ya shigo, ya zagaya gaban motar, ya shafa. Dariya ta ƙare. Ya cire hula ya tsaya, ya daɗe. Shi da Kadiri tare suke zuwa masallacin Juma'a a cikinta. Ya ce ya ɓata amana, duk abin da na yanke ya ɗauka. Ban yanke komi ba. Na dai ce ya bar mini famfon in duba shi.

Litinin, 18

Na zuba ruwa a kwalbar na gwada bayan la'asar. Ba a ganin komi na fita, amma na aje faranti taku goma can, ya jiƙe. Ikon Allah. Wanda ya ƙera abin nan ina son in ga cikin kanshi.

Laraba, 20

Gwaje-gwaje a ƙasan ƙofar baya, inda ido ba ya kaiwa. Lemun tsami, banza. Toka tana cirewa amma tana karce farin, na bari da sauri. Kananzir ya narka ɗigon ya mai da shi shafe-shafe, wurin ya dushe, na yi ta istigfari ina gogewa.

Sodangi ya kawo Ɗan'iya, makanikin tasha, dattijo mai ido ɗaya da ke ganin abin da masu biyu ba su gani. Ya ce kar in kuskura in kai isansi, wato fetur, kusa. Ya ce fentin bai gama kamawa ba, amma in rana ta gasa shi mako biyu ko uku, sai dai a kankare a sake wa motar sabon fenti. Sannan ya tura kai tsakanin mota da bango, wurin ko kamu ɗaya bai cika ba, ya ce gefen can ya fi ko'ina muni, sai an tura ta an fito da ita fili.

Na ce ba a tura ta. Ya buɗe baki, Sodangi ya taɓa mishi hannu, ya rufe.

Alhamis, 21

Haihuwa uku yau, ɗaya tagwaye. Ban ko kalli motar ba.

Juma'a, 22

Mairo matar Sodangi ta shigo da hantsi da wani abu a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ita maginiyar tukwane ce. Ta kwance, yumɓu ne, irin wanda take tacewa sau uku don shafen bakin tulu, laushi kamar kwaɓin fanke. Ta ce kwanoninta na jere da ta shanya ran nan su ma sun sha fentin mijinta, kuma da shi ta fidda. Ta nemi ruwan sabulu. Ta jiƙa murfin inji sharkaf, ta lallatsa yumɓun a tafin hannu ta riƙa zamar da shi a hankali, ba dannawa. Da farko ana jin shi shina ƙar-ƙar, can sai ya yi shiru. Ta juyo mini da shi: ga ɗigon nan duk sun koma jikin yumɓu. Ta ninke, ta murza, ta ci gaba da sabon gefe.

Na shafa wurin. Sumul. Na ce mata yaya anka yi laka ta kama fenti ta bar fenti? Ta ce ita ba ta yi lakwal ba, ni da na yi bokon in gaya mata. Na yi ta tunani. Ina jin don ɗigon a tsaye yake bisa, na motar kuwa a kwance, sai yumɓu ya tuntuɓe da wanda ya ɗago kai. Ban tabbata ba.

Mun yi murfin da rabin rufi kafin azahar. Hannuna ya yi yaushi.

Lahadi, 24

Gaba, baya, rufi da gefen tsakar gida duk sun fita. Mairo tana aiki tana zagin famfon mijinta da yaren Dandanci, ina tayawa. Ta ce badi in ya ga dama ya fesa wa kanshi lalle da shi.

Na ɗaura madubin kwalliyata a sanda na zura ta gefen bango. Kai! Can ba ɗigo ba ne, ƙofofin biyu sun yi kore kamar bayan tulun da ya daɗe a inuwa. Na manna yumɓu a muciya na gwada, ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi, ya lalace. Sau biyu.

Mairo tana wanke hannu a bokiti ba ta dube ni ba ta ce, "Yaya Hadijatu, cewa ya yi ki bar ta yadda take. To ai yanzu ba yadda ya bar ta take ba."

Na ce ta gaida gida.

Talata, 26

Biki. Ƴan makaranta sun yi maci, anka yi ta kirarin ƴan gwamnati, kamarad kamarad, a lasifika. Delege ya ce bangon Sodangi bai ji fenti ba, ya sake da buroshi.

Laraba, 27

Na miƙa hannu iyakar inda ya kai ta gefen bango na gwada farce. Ba ya fita da sauƙi kamar da. Ɗan'iya bai yi ƙarya ba.

In faɗi gaskiya tunda ba mai karanta littafin nan sai ni. Tsoro nike ji. A karkacen nan da take, hannunshi ne ya karkata ta. Duk safiya in na fito na gan ta haka, sai in ji kamar jiya ya fita. In ta gusa, kamar na tsaya gaban mutane ne na ce na daina jira. In kuma ba ta gusa ba, gefe guda zai tabbata kore, ran da ya dawo ya ce Hadijatu, haka kika riƙe mini ita? Ko ta ina na juya, na saɓa mishi.

Na aika a gaya wa Ɗan'iya ya zo Juma'a da safe da famfon taya.

Juma'a, 29

Tayoyi uku sun riƙe iska, abin mamaki. Ɗaya ta ƙi, ya sa ta ajiya. Sai ya ce tsakar gidan na gangara wajen rijiya, dole wani ya zauna ciki ya riƙe sitiyari ya taka birki. Ya miƙo hannu in ba shi makulli. Ban san sanda na ce a'a ba. Na ce ni zan shiga.

Ƙofar direba tana gefen bango, sai ta ɗaya gefen na shiga na ja jiki. Zafi da warin roba. Hular sanyinshi tana nan kan kujera, na ɗauke na aza a cinya. Na miƙa ƙafa, ko kusa ban kai birki ba. Kadiri dogo ne, ni kuwa Allah bai ba ni ba. Ɗan'iya ya leƙo ta taga ya ce akwai ƙarfe ƙarƙashin kujera, in ɗaga in jawo ta gaba. Na riƙe ƙarfen ban ɗaga ba. Shi da Sodangi da Mairo suna tsaye a rana. Na ɗaga. Ta yi wata ƙara ta taho.

Sunka tura, Sodangi da Ɗan'iya da Mairo. Ta ƙi, ta ƙi, sai ta fita daga mazauninta da wani ɗan tsalle. Sitiyarin nauyi gare shi, ban taɓa zato ba, amma da ta fara tahiya sai ya saki. Mi ya sa haka? Ɗan'iya shina ta ihu dama, dama, ni ina kallon bango na ja da baya. Da na ga rijiya ta matso na taka birki da dukan ƙarfina, Sodangi ya buga haɓa a bayan mota ya ciji harshe. Mairo ta ce alhaki ne.

Taku bakwai ta yi. Na auna bayan sun tahi.

Ban yi kuka gabansu ba. Na ce musu zan zauna ciki kaɗan in huta, sunka fita sunka ja mini ƙofar gida.

Talata, 2 ga Nuwamba

Gefen bango ya ci kwana uku da yumɓu dunƙule huɗu. Ya fita, sai kaɗan da ya maƙale a gindin hannun ƙofa.

Juma'a, 5

Na wanke ta. Yau na fara zagaya ta gaba ɗaya da soso.

Sodangi ya leƙo da bakinshi da bai gama warkewa ba, ya ce in na shirya su zo su maida ta wurinta. Na ce a bari tukuna, nan ya fi inuwa. Na tambayi Ɗan'iya abin takawa na ukun nan na hagu, mene ne aikinshi, ya ce bayani ba ya yi sai inji na tashe, batir kuwa ya mutu tuntuni. Na ce tambaya kawai na yi. Ya ce akwai wani a shagonshi da ba a amfani da shi. Ban ce ya kawo ba, ban ce kar ya kawo ba.

Inda tayoyin sunka zauna akwai ramuka huɗu, ruwan wanki ya kwanta ciki. Na ɗebo ƙasa na cike na daddaɓe, saboda sauro.

Kujerar ban maida ta baya ba. Ƙarfen ne da tauri.